Matacin Iska a Gidajen Amurka da Kanada: Aikinsa, Zaɓensa da Sauya Shi

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa, idan hunturu ya kama, abin da aka saba shi ne a hura wuta a tsakar gida, a lulluɓa da bargo, a jira rana ta ɗaga. Sanyin na ƴan makonni ne, kuma da hantsi ya dubi ludayi an manta da shi. A arewacin Amurka da Kanada abin ba haka yake ba. A birnin Miniyafolis na jihar Minesota, daren watan Janairu yakan kai digiri 13 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, a Winifeg ta Kanada kuwa yakan kai digiri 20 ƙasa da sifili. Tun daga watan Oktoba har zuwa Afirilu tagogi a rufe suke, kuma gida ba ya zaunuwa sai da injin da ke ɗumama shi dare da rana.

Wannan yana nufin iskar da mutanen gida suke shaƙa ita ce dai take ta kewayawa tsakanin ɗakuna da injin ɗumama, tana ɗauke da ƙura da hayaƙin girki da duk abin da ya shiga cikinta. Abu ɗaya ne aka girka a kan hanyarta don ya tare wannan datti, wato matacin iska. Wannan takarda za ta yi bayanin yadda matacin yake aiki, da yadda ake auna ingancinsa, da abin da ake dubawa wajen saye, da kuma lokacin da ya kamata a sauya shi. Ɗalibin harshe zai kuma ga yadda Hausa take iya ɗaukar bayanin na'urar da ba a san ta a ƙasar Hausa ba, abin da mai fassara yake cin karo da shi kullum.

2.0 Kalmomin da aka zaɓa

Kalmar mataci ta fito ne daga aikatau tace, bisa tsarin da ya ba da mabuɗi daga buɗe, da ma'auni daga auna, da matankaɗi daga tankaɗe. Ɗafa-goshin ma- da wasalin -i a ƙarshe su ne alamar sunan kayan aiki, jam'insa kuma yana ƙarewa da -ai: mabuɗai, ma'aunai, matatai. Idan wurin aikin ake nufi, sai kalmar ta ƙare da -a, a sami matata, kamar matatar mai ta Kaduna ko ta Damagaram, jam'inta matatu. Da yake rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, wannan matata tana kama a takarda da matata ta mai gida da ke maganar iyalinsa, alhali a baki sun bambanta, domin wasalin farko na matatar mai gajere ne. Makanikai kuwa filta suke cewa, ko ta mai ko ta iska, kuma kowa yana ganewa. A nan an zaɓi mataci saboda ma'anarsa a fili take.

Shi kuma injin da ke ƙona gas ko mai don ya ɗumama iska, an kira shi murhun ɗumama gida, ko murhu a taƙaice. Hanyoyin kwano da iska ke bi cikin bango da ƙarƙashin daɓe su ne bututan iska. Maikiron kuwa ma'aunin tsawo ne: idan aka raba milimita ɗaya gida dubu, kashi ɗaya shi ne maikiron.

3.0 Yadda murhun yake aiki

A Faransa da Jamus da Ingila, gidaje da yawa da ruwan zafi ake ɗumama su, ruwan yana bin bututu zuwa wasu ƙarafa da aka jingina a bangon kowane ɗaki. Irin wannan tsari ba ya buƙatar mataci, tun da ba ya tura iska. A Amurka kuwa fiye da rabin gidaje murhu mai tura iska suke amfani da shi, kuma gas ne makamashin da ya fi yawa. Tun a 1919 wata Ba'amurkiya baƙar fata mai suna Alice Parker ta sami takardar mallakar ƙirƙira a kan wani murhun gas mai rarraba iskar ɗumi ta bututu zuwa sassan gida. A shekarun 1930 ne aka fara haɗa wa murhu fanka mai aiki da lantarki, kuma a farkon waɗannan shekaru ne kamfanin Owens-Illinois ya fitar da matacin zaren gilashi mai suna Dust-Stop.

Murhun yakan zauna a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ko cikin wani lungu mai ƙofa, ko a saman rufi. A bangon falo akwai ƴar na'ura mai auna zafin ɗaki. Idan zafin ya sauka ƙasa da adadin da aka saita, sai ta ba murhu umarni ya kunna wuta. Harshen wutar yana shiga cikin wasu bututan ƙarfe da ke rufe ruf, ya gasa su, hayaƙin kuma ya fice waje ta bututun hayaƙi. Daga nan fanka sai ta tashi, ta zuƙo iskar ɗakuna ta wasu kafofi masu raga, ta bi da ita ta cikin mataci, ta hura ta a bayan bututan nan masu zafi, sa'annan ta mai da ita ɗakuna da ɗuminta. Iskar ɗaki da hayaƙin wuta ba sa gauraya, muddin ƙarfen bai tsage ba. Da bazara kuma fankar nan da bututan nan su ne suke raba iska mai sanyi, domin ana ɗora na'urar sanyaya iska a kan murhun. Ke nan mataci ɗaya ne yake aiki rani da damina.

Abin lura shi ne, da farko ba don huhun mutane aka yi mataci ba. An yi shi ne don ya hana gashi da zare da ƙura su naɗe fanka ko su toshe na'urar sanyaya iska. Daga baya ne aka ga cewa tun da duk iskar gida ta wannan kafa take bi, ana iya jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya. A ɗauki misalin gida mai faɗin murabba'in mita 150 da tsayin rufi mita 2.5. Iskar da ke cikinsa ta kai kubik mita 375. Fankar matsakaicin murhu tana tura kimanin kubik mita 2,000 a awa ɗaya. Wato a duk awar da fanka ta yi tana juyawa, kwatankwacin iskar gidan gaba ɗaya ta ratsa mataci sau biyar.

4.0 Abin da ke yawo cikin iskar ɗaki

Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa mutanen ƙasar suna yin kusan kashi 90 cikin ɗari na lokacinsu a cikin gini, kuma wasu abubuwan da ke gurɓata iska sukan ninka na waje sau biyu zuwa biyar a cikin gida. Ana kasa ƙwayoyin da ke yawo cikin iska bisa girmansu. Kaurin silin gashin mutum ya kai kimanin maikiron 70. Garin furanni, wanda yake sa wasu atishawa da ƙaiƙayin ido, galibi ya wuce maikiron 10. Ƙwayoyin funfuna da ɓurɓushin fatar kare da kyanwa galibi sun fi wannan ƙanƙanta. Mafi ƙanƙanta su ne na hayaƙi, ko na taba, ko na suya, ko na kyandir, ko na gobarar daji, waɗanda yawancinsu ba su kai maikiron ɗaya ba.

Manyan ƙwayoyi hanci da maƙogwaro suna tare su. Waɗanda ba su wuce maikiron 2.5 ba, da masana suke kira PM2.5, su ne suke zarcewa can cikin huhu, kuma bincike ya danganta su da ciwon asma da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage adadin da ta yarda da shi na waɗannan ƙwayoyi zuwa maikurogiram 5 a kowane kubik mita na iska, a matsakaicin lissafin shekara. Yara ƙanana da tsofaffi da masu ciwon ƙirji su ne suka fi jin jiki.

Abubuwa biyu ne suka jawo hankalin jama'a ga mataci a ƴan shekarun nan. Na farko annobar korona ta 2020, da aka tabbatar tana yaɗuwa ta ƙananan ɗigon numfashi masu daɗewa a iska. Na biyu gobarar dajin Kanada ta 2023, wadda ta cinye kimanin hekta miliyan 15. A ranakun 6 da 7 ga Yunin shekarar, hayaƙin dazuzzukan Kebek ya rufe birnin New York har sararin sama ya koma ruwan goro, aka shawarci mutane su zauna a gida. Amma hayaƙi yana shiga gida ta ƙofa da tsagar taga, saboda haka zaman gida bai wadatar ba sai in akwai abin da ke tace iskar ciki.

5.0 Yadda mataci yake kama ƙura

Mai karatu zai iya zaton mataci kamar rariya yake, abin da ya fi ƙofar girma ya tsaya, wanda bai kai ba ya wuce. A gaskiya ƙofofin da ke tsakanin zaren mataci sun fi yawancin ƙwayoyin da yake kamawa girma nesa ba kusa ba. Kamun yana faruwa ne ta hanyoyi huɗu. Ƙwaya mai nauyi ba ta iya bin iska idan iskar ta kauce wa zare, sai ta miƙe ta yi karo da shi. Matsakaiciyar ƙwaya tana bin iska, amma idan ta gifta dab da zare sai gefenta ya taɓa shi ta manne. Ƙwaya ƴar mitsitsiya kuwa ba ta tafiya a miƙe, tangaɗi take yi saboda ƙwayoyin iska suna bugun ta ta ko'ina, kuma cikin wannan tangaɗi take faɗawa kan zare. Hanya ta huɗu ita ce cajin lantarki da ake sa wa zaren roba tun a masana'anta, wanda yake janyo ƙura kamar yadda biro da aka goga a gashi yake ɗaukar guntun takarda.

Daga wannan bayani za a gane wani abin mamaki: ba mafi ƙanƙantar ƙwaya ce ta fi wuyar kamawa ba. Wadda ta fi kuɓucewa ita ce ta tsakiya, mai girman maikiron 0.1 zuwa 0.3, wadda ba ta da nauyin yin karo, ba ta kuma yin tangaɗi sosai. Shi ya sa ake gwada matatai masu inganci a kusa da wannan girma.

6.0 Ma'aunin MERV

A jikin kowane mataci na kirki akwai lamba da harufan MERV a gabanta. Harufan farko ne na kalmomin Ingilishi huɗu masu nufin mafi ƙarancin ƙoƙarin da matacin ya nuna a wajen gwaji. Ƙungiyar injiniyoyin ɗumama da sanyaya gine-gine ta Amurka, wato ASHRAE, ita ce ta tsara gwajin cikin ƙa'idarta mai lamba 52.2, wadda aka fara bugawa a 1999. Ana hura wa mataci ƙwayoyi masu girma dabam-dabam, a ƙirga waɗanda suka shiga da waɗanda suka fita, sa'annan a kasa sakamakon gida uku: ƙanana daga maikiron 0.3 zuwa 1, matsakaita daga 1 zuwa 3, da manya daga 3 zuwa 10. Lambar tana tashi daga 1 zuwa 16.

Mataci mai lamba 1 zuwa 4 ba ya kama ko kashi 20 cikin ɗari na manyan ƙwayoyi. Mai lamba 8 yana kama aƙalla kashi 70 na manya da kashi 20 na matsakaita, amma ba a yi masa alkawarin komai a kan ƙanana ba. Mai lamba 11 yana kama aƙalla kashi 85 na manya, da 65 na matsakaita, da 20 na ƙanana. Mai lamba 13 yana kama aƙalla kashi 90 na manya, da 85 na matsakaita, da rabin ƙanana. Mai lamba 16 kuwa yana kama kashi 95 na kowane rukuni. A nan za a ga dalilin da ya sa ake yawan ambaton lamba 13: ita ce ta farko da take yin abin a-zo-a-gani a kan hayaƙi da ɗigon numfashi. Hukumar Kare Muhalli tana ba da shawarar a sa mai lamba 13, ko mafi girman lambar da murhun zai iya ɗauka. Jihar Kalifoniya ta wajabta shi a sababbin gidaje daga ranar 1 ga Janairun 2020.

Mai saye yakan rikice saboda wasu kamfanoni suna da nasu ma'aunin. Kamfanin 3M yana rubuta MPR a jikin matatansa na Filtrete, inda 1000 take kusa da MERV 11, 1900 kuma take daidai da MERV 13. Kantunan Home Depot suna amfani da FPR. A Turai kuma ƙa'idar ISO 16890 ta 2016 ake bi. Abin da ya fi sauƙi shi ne a nemi lambar MERV, domin galibi ana rubuta ta a wani gefe na kwalin ko da ƙananan harufa ne.

Akwai kuma matacin HEPA, wanda aka ƙera a shekarun 1940 lokacin aikin bam na nukiliya a Amurka, don tare ƙura mai guba. Yana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyi masu girman maikiron 0.3. Ba a saka shi a ramin murhun gida, domin fankar ba ta da ƙarfin tura iska ta cikinsa. Ana samun sa ne a asibitoci da cikin ƙananan na'urorin tace iska da ake ajiyewa a ɗaki.

7.0 Tankiya tsakanin tacewa da gudun iska

Duk matar da ta taɓa tace gasara ta san cewa ƙyalle mai laushin saƙa ya fi fitar da koko mai kyau, amma ya fi cin lokaci da ƙarfin hannu, kuma da dusa ta taru a ciki sai ruwa ya daina sauka. Haka abin yake ga mataci. Yawan zare da matsuwarsa yana ƙara kamun ƙura, yana kuma ƙara wahalar da iska take sha kafin ta wuce. Yawancin murahun gida an ƙera su ne don su jure matsin da bai wuce faskal 125 ba, kuma wannan ya haɗa da na bututu da na na'urar sanyaya iska da na mataci gaba ɗaya.

Idan iska ta ragu, illoli suna biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Da hunturu, bututan wuta ba sa samun isasshiyar iskar da za ta kwashe zafinsu, sai su yi zafi fiye da kima, wani makunnin kariya ya kashe wutar. Murhu sai ya riƙa kamawa yana mutuwa, gida kuma ya ƙi ɗumi. Idan aka daɗe a haka, ƙarfen yana iya tsagewa saboda yawan buɗewa da tsukewa, hayaƙi ya sami hanyar shiga iskar ɗaki. Da bazara kuma na'urar sanyaya iska takan daskare da ƙanƙara, sanyi ya daina fitowa. Tsohuwar fanka iskar da take turawa raguwa take yi idan mataci ya toshe. Sabuwar fanka mai sarrafa gudunta da kanta ƙara ƙarfi take yi don ta cike giɓin, sai ta ƙara cin wuta da ƙara, ta kuma gaji da wuri.

Maganin wannan tankiya shi ne ƙara faɗin abin da iska take ratsawa. Shi ya sa ake yi wa mataci tattara irin wadda tela yake yi wa siket, a cusa ƙyalle mai faɗi cikin ƙaramin firam. Mataci mai kaurin inci 4 ko 5 yana da tattara mai zurfi, saboda haka iska tana ratsa shi a hankali ta wuri mai yawa. Mai lamba 13 na inci 4 sau da yawa ya fi mai lamba 8 na inci 1 sakin iska. Ke nan ba lamba kaɗai ce take nuna nauyin da mataci zai ɗora wa fanka ba, har da kaurinsa da yawan tattararsa.

8.0 Abin da ake dubawa wajen saye

Abu na farko shi ne girma. A gefen tsohon mataci za a ga lambobi uku, misali 16x25x1 ko 20x20x1, wato faɗi da tsawo da kauri a ma'aunin inci, inci ɗaya kuma santimita 2.54 ne. Waɗannan lambobi na suna ne kawai, ainihin matacin yakan gaza su da rubu'i ko rabin inci don ya shiga rami. Idan aka sayi wanda ya yi wa ramin kaɗan, iska za ta bi ta gefe, domin ita ma kamar ruwa take, hanya mai sauƙi take nema. Mataci mai tsada da aka bar wa tsaga a gefe bai fi mai araha da ya zauna daram ba.

Abu na biyu shi ne irin matacin. Na zaren gilashi, wanda ake hango hannu ta cikinsa, shi ne mafi araha, kuma injin kawai yake karewa. Mai tattara na roba ko auduga shi ne ya fi yawa a kasuwa, daga lamba 8 zuwa 13. Akwai wanda ake wankewa a mayar, amma lambarsa ƙasa take, kuma idan aka mayar da shi da danshi funfuna tana iya tsirowa a jikinsa. Akwai mai ɗauke da garin gawayi don rage wari, sai dai gawayin da ke cikin mataci siriri kaɗan ne, ba ya daɗewa yake ƙoshi.

Abu na uku shi ne halin mutanen gida. Gidan da babu mai ciwon ƙirji, babu kare ko kyanwa, mai lamba 8 ya isa ya kare injin ya kuma rage ƙura. Gidan da ake kiwon dabba a ɗaki ko akwai mai yawan atishawa, mai lamba 11 ya fi dacewa. Inda akwai mai asma, ko jariri, ko tsoho mai ciwon zuciya, ko gidan yana bakin babbar hanya, ko a yankin da gobarar daji take yawa, to a nemi mai lamba 13. Kafin a hau zuwa wannan lamba a tsohon murhu, yana da kyau a duba littafin da ya zo da injin, ko a sa ma'aikacin da ke duba shi a shekara ya auna matsin iska bayan an saka sabon matacin. Idan matsin ya yi yawa, ana iya faɗaɗa ramin ya ɗauki mai kauri.

9.0 Lokacin sauyawa da yadda ake yi

Shirin Energy Star na gwamnatin Amurka yana ba da shawarar a duba mataci kowane wata, musamman a tsakiyar hunturu da tsakiyar bazara, a kuma sauya shi aƙalla duk wata uku. Wannan na mai kaurin inci ɗaya ne. Mai inci 4 ko 5 yakan kai wata shida zuwa shekara. Amma kalanda ba ta san halin kowane gida ba. Yawan mutane, da dabbobi, da aikin gini, da shan taba a ɗaki, da hayaƙin gobara duk suna cika mataci da wuri. Gwajin da kowa zai iya yi shi ne a zaro shi a ɗaga shi saitin fitila. Idan ya yi toka-toka har haske ba ya ratsa shi, ko ya lanƙwashe ciki saboda jan fanka, to ya gama aiki. Akwai kuma wani dalili na kada a bar shi ya wuce lokacinsa ko da bai yi baƙi ba: cajin lantarkin da ke jikin zaren roba yana raguwa yayin da ƙura take rufe shi, sai ƙoƙarinsa a kan ƙananan ƙwayoyi ya faɗi ƙasa da lambar da aka rubuta.

Sauyawar ba ta wuce minti biyar ba. Da farko a kashe murhu, don kada fanka ta zuƙe ƙurar da za ta zube. A nemo ramin, wanda yake tsakanin bututun da ke dawo da iska da jikin murhu, ko kuma a bayan wata babbar raga a bango ko a silin. A zaro tsohon a hankali, a sa shi cikin leda a ɗaure. A gefen sabon akwai kibiya da aka zana. Dole kibiyar ta dubi murhu, wato inda iska ta nufa, domin ta wannan ɓangaren ne aka sa wayar da ke tallafe ƙyallen. A tura shi ya zauna sosai, a mayar da murfi, a rubuta kwanan wata a jikin kwalin, sa'annan a kunna. Ba a barin murhu ya yi aiki babu mataci. Mai haya kuma ya karanta takardar yarjejeniyarsa, domin a gidaje da yawa sauya mataci yana wuyan ɗan haya ne, kuma baƙon da ya zo daga ƙasa mai zafi yakan shekara bai san akwai shi ba.

10.0 Iyakar abin da mataci yake yi

Mataci ba ya tace komai sai fanka tana juyawa. Idan an saita ta ta tashi tare da wuta kawai, to a ranakun da babu sanyi sosai ƴan mintoci take aiki a awa. A lokacin hayaƙi ko rashin lafiya a gida ana saita ta ta yi ta juyawa ba tsayawa, ko da kuɗin lantarki zai ƙaru.

Haka kuma ƙwayoyi yake kamawa, ba ya kama gas. Iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, ratsa shi take yi kamar babu shi. Ita ce gubar da take kashe masu kwana da kaskon gawayi ko janareto a rufaffen ɗaki, kuma ita ce take fitowa daga murhun da ya tsage. A Amurka tana kashe mutum fiye da 400 a shekara. Maganinta ƙararrawa ce ta musamman da ake maƙalawa kusa da ɗakunan kwana, da duba murhu kowace shekara. Haka iskar radon da ke tasowa daga ƙasa ta taru a ɗakin ƙarƙashin gida, wadda Hukumar Kare Muhalli ta danganta da mutuwar kimanin mutum 21,000 a shekara ta hanyar sankarar huhu. Ita ma gwaji na dabam take buƙata. Hayaƙin girki kuwa gara a fitar da shi waje da fankar kicin tun bai bazu ba.

Ga gidan da ba shi da murhu mai tura iska, akwai dabarar da Richard Corsi, masanin iskar cikin gini, da Jim Rosenthal, mai kamfanin ƙera matatai, suka fito da ita a 2020. Ana haɗa matatai huɗu masu lamba 13 a yi akwati da su, kibiyoyinsu suna duban ciki, a rufe ƙasan da kwali, a ɗora fanka mai kusurwa huɗu a sama tana hurawa sama, a like duk tsaga da salatif. An yi amfani da irin wannan akwati a azuzuwan makarantu da dama a Amurka. Wannan dabara ba ta buƙatar bututu ko murhu, lantarki kawai take so, saboda haka tana iya aiki a ɗakin mai asma a Yamai ko Maraɗi ko Kano a lokacin hazo, sa'ad da iskar hunturu take kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, in har an sami matatan kuma an rufe ƙofa da taga.

11.0 Kammalawa

An ga cewa mataci yana yin aiki biyu, kare injin da kare huhu, kuma aikin na biyu ya dogara ga lambar MERV, da dacewar girmansa da rami, da tsawon lokacin da fanka take juyawa. An kuma ga cewa ƙara lamba ba tare da lura da gudun iska ba yana iya lalata murhu, kuma mataci mai kauri shi ne yake sasanta tsakanin biyun. Ta fuskar harshe, kalmomi irin su mataci da murhu da tattara da bututu sun ɗauki bayanin gaba ɗaya, aro bai zama dole ba sai a ma'aunai irin su inci da maikiron da faskal, da sunayen da kamfanoni da hukumomi suka raɗa. Ɗalibi zai iya gwada wannan hanya a kan filtar iskar mota ko ragar na'urar sanyaya ɗaki, waɗanda suke aiki bisa ƙa'ida ɗaya, kuma ana samun su a kowane gari.